Ƙwarin da Malam Maharazu Ke Ƙetarowa da Su

Duk ma'aikacin da ya taɓa zama a shingen Magama, inda titin Jibiya ke miƙewa zuwa Maraɗi, ya san wani dattijo siriri mai tsohon keke, da gwangwanin madara ɗaure da igiyar roba a bayan sirdi. Malam Maharazu ke nan, manomin lambu. Mahaifina ne, ni ne kuma ɗansa na fari, amma kada a ɗauka wannan ya sa na fi kowa saninsa. Masu tsaron shingen nan sun fi ni jin muryarsa.

Sunana Badaruddeen, sai dai ban taɓa jin sunan a bakinsa ba. Ana yaye ni aka miƙa ni hannun yayarsa a Daddara, shi ya sa har yau kowa ke ce mini Nagoggo. In ta kama dole ya ambace ni, sai ya ce "wancan na Goggo," yana kallon wani gefe. In na shigo zaure yana zaune, zai amsa gaisuwata a gajarce, sannan ya tuna akwai akuyar da bai ba ruwa ba. Kunyar ɗan fari ce, kowa ya san ta a ƙasarmu, Inna ma haka take yi mini. Na san ba ƙiyayya ba ce. Duk da haka na girma da wani ɗan ƙulli a zuciya wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ƙanwata Safara'u ita ce 'yar lambu. Ita yake ɗorawa a keke, ita yake nuna wa abubuwa, ni kuwa sai dai in ji labari in na zo hutu.

A Gangara aka haife shi. Bai yi boko ba. Da ya tasa ya gangaro bakin iyaka yana dako, buhun albasa da na tattasai daga wannan mota zuwa waccan, har kafaɗarsa ta dama ta sauka ƙasa da ta hagu, haka kuma ta zauna. A wurin dakon ya saba da wani mai lambu na wajen Ɗan Isa, can tsallake, wanda daga baya ya ba shi auren 'yarsa Salmatu, wato Innarmu. Rani biyu ya yi yana aiki a lambun surukinsa. Da ruwan dam ɗin Jibiya ya fara bin magudanai a gefenmu aka rarraba fili, ya samu ɗan yanki, ya ajiye dako. Kabeji yake sawa, da waken rani, da kuɓewa kaɗan saboda miyar gida.

Ban da mata, abin da ya dawo da shi daga lambun surukinsa shi ne sanin wani ɗan ƙwaro. Girmansa bai wuce ɓarin ƙwayar wake ba. Bayansa a kife yake kamar 'yar ƙwarya, ja ko ruwan lemo, wani da ɗigon baƙi, wani kuma baƙi da zanen rawaya. Wannan bayan fukafukai ne masu tauri. In zai tashi sai ya ɗaga su, wasu sirara su warware daga ƙarƙashi. In ka taɓa shi ya naɗe ƙafafu ya yi kamar ya mutu, ya bar maka wani ruwa rawaya mai wari a yatsa, shi ya sa tsuntsu ba ya marmarinsa. Ban taɓa jin sunan da mutane suka haɗu a kansa ba. Baba "mai ɗigo" yake ce masa.

Aikinsa cin darɓa. Duk mai lambu ya san darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu laushi da ke cunkushewa a bayan ganye suna tsotsarsa har ya nannaɗe ya yi danƙo. A tsakiyarsu mai ɗigo ke zuba ƙwansa, rawaya, a tsaitsaye, gungu guda. Bayan 'yan kwanaki sai wata baƙar tsutsa mai ƙafa shida ta fito, mummuna, kamar ɗan kada, ita ce ma ta fi uwar ci. In ta ƙoshi ta kai girma sai ta manne da ganye ta yi shiru kamar mako guda, fatar ta tsage, sabon ƙwaro ya fito da laushi, ba ɗigo ko ɗaya sai bayan wasu sa'o'i. Duk wannan daga baya na san shi. Lokacin da ya kamata in sani, ina Katsina ina haddace sunayen magunguna.

A gefenmu feshi ya yi yawa, har mai ɗigo ya yi wuyar gani. Lambun surukansa kuwa ba a cika yi masa magani ba, don haka yana nan birjik. Shi ya sa kowace shekara, da an dasa kabeji darɓa ta fara leƙowa, sai Baba ya hau keke da sassafe ya ƙetara. Ya huhhuda murfin gwangwani da ƙusa, ya sa ganye mai darɓa a ciki don guzurin hanya, ya naɗe gwangwanin da jiƙaƙƙen tsumma saboda rana. Kafin la'asar ya dawo ya sake su a gindin shuka. Yakan yi haka sau uku ko huɗu a rani ɗaya. Shekarun da aka rufe iyaka zama ya yi, bai bi ta daji kamar wasu ba, ya ce ba zai yi ɓoyo da abin da ba na sata ba.

'Yan duwan, wato kwastan na can, da namu na nan duk sun saba da shi. Safara'u ta ba ni labarin wani sabon ma'aikaci da ya taɓa tsare shi ya ce ya buɗe gwangwanin. Ya buɗe a hankali, ya kare bakin gwangwanin da tafin hannu.

"Mene ne wannan, Baba?"

"Ma'aikata na ɗauko, ranka shi daɗe. Gona za su."

"Suna da takarda?"

"Tana bisa bayansu. Ka duba, kowane da hatiminshi."

Aka yi ta dariya. Daga ranar, in ya tunkaro sai a ɗaga masa sanda ana tambayar lafiyar ma'aikata.

Su dariyar ƙauna suke yi, ni kuwa ba haka nake jin ta ba. Na gama difloma, na halarci 'yan kwasa-kwasan da masu kawo magani ke shiryawa, na buɗe shagon maganin feshi da taki da iri a Magama, daf da tasha. Ina sa farar riga, na lilliƙa hotunan ƙwari a bango. Sai ga shi in Baba ya wuce ta gaban shago da kekensa, direbobi da 'yan kamasho su ɗaga murya: "Nagoggo, ga tsohonka can zai tahi fasa-ƙwauri." In yi yaƙe, in shige ciki ina jera kwalaben da ba su buƙatar jeri. Gaskiyar magana kunyarsa nake ji. Ni ina sayar da abin kashe ƙwari, ubana yana shigo da su daga wata ƙasa a gwangwani. Shi kuwa ko kallon shagon ba ya yi, ba don raini ba, don dai nawa ne.

A ranin bara maƙwabcinsa na lambu, Lawal, ya zuba duk ƙarfinsa a kankana. Mutum ne mai zafin nema da saurin fushi, amma ba mugu ba ne. Kankana ta yi yaɗo, ta fara fure, sai ganye ya soma komawa kamar rariya: an kankare koren an bar jijiyoyi, ya bushe ya yi ruwan ƙasa. Kafin mako biyu rabin filin ya tafi. Lawal ya duba ya ga ƙwari jajaye, zagayayyu, masu ɗigon baƙi, sun cika ganye. Kowa kuma ya ga Malam Maharazu ya dawo daga tsallake da gwangwaninsa a farkon watan. Ba wanda ya tsaya dogon tunani.

Masu lambun layin suna da ƙungiya. Shugabansu wani dattijo ne, Malam Abu, shi ke raba ranakun ban-ruwa. Ya tara mutane a gindin mangwaro bayan la'asar, aka aiko a kira ni, wai ni ne mai ilimin abin. Na zo da wata takarda da aka ba mu a kwas, mai hoton ƙwaro ja mai ɗigo zaune a kan ganyen kankana, an rubuta a ƙasa cewa maɓarnaci ne. Lawal ya zazzage waɗanda ya kashe a kan tabarma. Na dubi hoton, na dubi tabarma, na ga babu bambanci.

Malam Abu ya juya wajen Baba, wanda ke zaune can gefe. "Malam Maharazu, mi za ka ce?"

"Waɗanga ba nawa ba ne," in ji Baba. "Gida ɗaya suke da nawa, amma ɗaki daban. Nawa ba su cin ganye."

"To ga Nagoggo," wani ya ce daga baya. "Shi ya yi karatun, shi hwaɗi."

Ina iya cewa ban tabbatar ba. Ina iya cewa a kamo na lambun Baba a gwada, ga shi nan taku ashirin. Ban ce ba. Mutum kusan talatin sun zuba mini ido. Karo na farko ke nan a rayuwata da ake jiran bakina a wurin da ubana ke zaune, kuma daɗin abin ya hau mini kai. Na ɗaga takardar na ce ƙwaro ɗaya ne, masana sun riga sun tantance, wani dai ya fi wani haske. Har na ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. Na ce ɗauko ƙwari daga wata ƙasa ba da ilimi ba haɗari ne, aikin da ne, ya kamata a daina.

Na jira ya musa. Wallahi a raina har so nake ya musa, ya dube ni ko sau ɗaya ya yi gardama da ni kamar yadda yake yi da sauran mutane. Bai yi ba. Ya sunkuyar da kai yana tsinkar ciyawar da ke gabansa. Dattawan wurin sun san dalilin shirun sarai. Amma Lawal na tsaye yana huci, ana neman wanda za a ɗora wa laifi, shirun kuma ya ishe su.

Aka yanke cewa ya feshe lambunsa kakaf, ya kuma daina ƙetarowa da ƙwari, in ba haka ba a cire shi daga layin ruwa. Malam Abu ya tambayi Lawal ko yana da sauran magana.

"Ni ba ni neman komi wurinshi," ya ce. "Na bar shi da Allah."

Na ga kafaɗun Baba sun motsa. Ruwa bai dame shi kamar wannan kalmar ba. Shekara ashirin shi ake kira in ganye ya canza launi, har daga ƙauyen Kusa ake kawo masa reshe a leda ya duba. A yammaci ɗaya ya koma mutumin da ya ɓata wa maƙwabci amfanin gona, da haƙƙin wani rataye a wuyansa, kuma da bakina aka rataya shi.

Washegari da hantsi aka yi feshin. Ni na kawo maganin, na miƙa wa Malam Abu, shi ya miƙa wa Baba. Wasu suka ce su goya masa famfon feshin, ya ƙi. Kafin ya fara sai ya bi layin kabeji yana girgiza ganye da hannu, masu fukafukai suna ta tashi.

"Wato cikin namu kake koro su?" in ji Lawal.

Sai ya daina. Ya goya famfo a karkatacciyar kafaɗarsa, ya bi lambun layi-layi bai tsallake ko gindi ɗaya ba. Tsutsotsin da ƙwan dama ba su da inda za su. Ni ina tsaye a bakin magudana da farar rigata, har da ba da shawarar a ƙara murfi ɗaya a tanki na biyu.

Lawal ma ya fesa wa abin da ya rage na kankanarsa, ƙwari suka mutu, magana ta zama tawa. Shago ya cika. Masu kai wa Baba reshe a leda suka koma kawo mini. Lambunsa kuwa bai yi mako uku ba darɓa ta dawo, ta fi ta da, ba kuma abin da zai ci ta. Dole ya zama mai sayen magani kamar kowa. Ba ya zuwa wurina. Yakan taka keke har cikin gari ya saya a wani shago, ya wuce ta gabana da wuyan kwalba na leƙowa daga aljihu.

Wata Talata Safara'u ta zo shago da hantsi. Tana aure a cikin Jibiya, kwana biyu kafin nan kuma ta je suna wajen kawunninmu a Ɗan Isa. Ta gaishe ni, ta zauna a benci har mutane suka watse.

"Yaya, ba ni kofin gilashi biyu."

Ta shimfiɗa lafiyayyen ganyen kankana guda biyu a kan teburin shago. Ta buɗe kwalin ashana biyu, ta sa ƙwaro ɗaya a kan kowane ganye, ta kife da kofi.

"Wanga daga lambun su Kawu na kamo shi. Wanga kuwa daga gunar bayan gidanmu. Jawo su wurin haske ka duba."

Na jawo. Na farkon bayansa sumul, yana sheƙi kamar sabon kwano, har rana ta zauna a kai. Na biyun ya ɗan fi girma, jansa a dushe kamar tukunyar ƙasa, da ɗigo goma sha biyu. Da na karkata ganyen sai na ga wani gashi-gashi a jikinsa irin na ɗanyar kuɓewa.

"Mai sheƙi maharbi ne, mai gashi makiyayi," ta ce. "Tun ina shekara bakwai Baba ya nuna mani. Ɗiyansu ma ba iri ɗaya ba ne. Na mai gashi rawaya ne, duk jiki ƙaya. Ka ko juya ganyen Lawal ka duba bayanshi?"

Ban juya ba, ta kuma san ban juya ba.

Ta ce kada in taɓa kofunan, ta tafi cefane. Da ta dawo bayan azahar, mai gashi ya kankare wuri ya kai faɗin farce, an bar jijiyoyi tsirara kamar dai na Lawal. Mai sheƙi yana ta zagaya bakin kofi, ganyensa ko ƙwarzane babu. Ta zaro ganyen wake mai darɓa daga jaka ta tura masa. A gaban idona ya cafki ɗaya, ya cinye, ya nufi ta biyu.

Daga baya na bincika a waya. Dangi ɗaya ne kamar yadda Baba ya faɗa, iri-iri har dubbai a duniya, mafi yawansu masu farautar darɓa da makamantanta. Wani ɗan reshe ne kawai ya koma cin ganye, cikinsu har da wannan mai son kankana da kabewa da guna. Yana nan a ƙasarmu tun da, a jikin gunar gefen gonaki, ba ya buƙatar kowa ya ɗauko shi a keke. Abin da ya fi ƙona mini rai, da na ciro takardar kwas ɗin na juya ta, a bayanta an rubuta da ƙananan baƙaƙe cewa kada a haɗa shi da 'yan uwansa masu amfani. Wata shida tana aljihun tebur ban taɓa juya ta ba.

Amma a ranar abin da na iya ce wa Safara'u shi ne, "Mi ya hana Baba hwaɗi a wurin?"

"Ya hwaɗi. Kai ka ce ba haka ba ne."

Na ce ai da ya musa mini.

"Ni ma na tambaye shi," ta ce. "Ya ce, 'In tsaya gaban mutane ina sa-in-sa da wancan na Goggo? Da wane ido?' Ya ce kuma shagonka sabo ne, mutane yanzu sunka fara yarda da bakinka." Ta mayar da mai sheƙi cikin kwalinsa. "Ka tahi wurin Malam Abu ka gyara, Yaya. Kai kaɗai za su ji."

Na ce ranar Juma'a, in Allah ya yarda.

Juma'a ta zo, motar taki ta iso, na ce sai ta gaba. Azumi ya kama, na ce ba a tara mutane da ƙishirwa, sai bayan Salla. Bayan Salla an kwashe lambu, kowa ya koma sharar gonar damina. Na ce ai gara ma in bari sai taron farkon rani, lokacin da kowa zai hallara, in zo da kofuna biyu in yi abin a gaban jama'a yadda ya kamata. Sau biyu ina zuwa har ƙofar Malam Abu, mu gaisa, mu yi hirar tsadar taki, in taso. Dalilai ba su taɓa ƙare mini ba, kowanne kuma in ka ji shi mai kyau ne. Gaskiyar ita ce tsoro nake ji. Ina tsoron dariyar direbobi, ina tsoron idon mutum talatin ɗin nan, ina tsoron a ce mai farar riga bai san maharbi da makiyayi ba. Maganar da Baba ya yi a kan shagona kuwa na mayar da ita matashin kai, ina ce wa raina ai shi ma ba ya so a tayar da zancen.

Sau ɗaya na gwada shi kansa. Na tarar da shi a zaure yana gyaran tayar keke, na durƙusa daga nesa.

"Baba, maganar ƙwarin nan..."

Ya ɗaga kai ya dubi ƙofa. "Hadari na haɗowa," ya ce. "Ba a shigar da awaki ba." Ya tashi ya shiga gida. Na ɗauki wannan a matsayin yafiya, saboda haka ya fi mini sauƙi.

Ya canza, amma sai wanda ya san shi zai lura. Ya daina zama a gindin mangwaro. A masallaci ya koma sahun baya. In ya gamu da Lawal shi ke fara gaisuwa, Lawal ya amsa da kan harshe ya wuce. Gwangwanin Inna ta wanke ta zuba kanwa. Wani kwastan da ya daɗe a shingen ya tare ni wata rana ya ce, ina Baba da ma'aikatansa, kwana biyu ba a gan su ba. Na ce tsufa ne, gwiwa ta hana shi keke. Ƙarya nake yi, don a safiyar ranar ma na ga ya wuce a kansa zuwa cikin gari.

Safara'u ba ta sake yi mini maganar ba. Gaisuwa kawai, sai ta dube ni daƙiƙa biyu fiye da yadda ta saba.

A watan Agusta zazzaɓi ya kama shi. Kwana huɗu ya yi a kwance, ranar Alhamis bayan sallar asuba ya cika. Kafin azahar mun kai shi.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Ni ne babba, don haka ni aka zaunar a gaba ina karɓar gaisuwa. Mutane sun zo daga gefe biyu na iyaka, kawunninmu daga Ɗan Isa, tsofaffin 'yan dako, har da ma'aikatan shinge biyu cikin kayan gida. Kowa na faɗin halinsa, ba ya faɗa, ba ya cin na wani. In an zo nan sai wasu su ɗan yi shiru, su ce ɗan Adam dai ajizi ne, Allah ya yafe masa kurakuransa. Na san kuskuren da suke nufi.

Rana ta biyu bayan la'asar Malam Abu ya iso da masu lambun layin gaba ɗaya, Lawal na cikinsu. Aka yi addu'a. Sai Lawal ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda na ƙarshen tabarma zai ji. Idanunsa sun yi ja, kuma ba na shakka da zuciya ɗaya ya zo.

"Jama'a, ku shaida. Abin da ya shiga tsakanina da marigayi bisa kankanata, na ce na bar shi da Allah. Tun jiya abin ke cin raina. Yau na janye. Bai yi da gangan ba, rashin sani ne. Na yahe mashi duniya da lahira."

Wurin ya ɗauka: Allah shi yi maka albarka, Allah shi biya ka, haka ake so. Wani tsoho har da share hawaye. Malam Abu ya juyo ya dube ni, sauran ma suka juyo, don ni ne zan amsa da yawun gida.

Ga su nan duka, mutum talatin ɗin, ba sai na tara kowa ba. Ba azumi, ba motar taki, ba shagon da zan ce ina tsare wa. Daga bakin zaure ina jin Safara'u tana jera kofunan ruwa a tire, sai ƙarar ta tsaya. Maganar ba ta da tsawo, na daɗe da shirya ta: bai yi maka komai ba, ni na yi kuskure, shi ke da gaskiya. Tana nan a kan harshena. Na buɗe baki.

"Mun gode," na ce. "Allah ya saka da alheri."

Lawal ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza. Aka shafa fatiha, suka tashi, ni ma na tashi na raka su har bakin hanya.